Hannun da Ke Tafiya Gaban Dutse

Kakana na wajen uba mai guga ne, Allah ya ji ƙansa. A layinmu ba wanda ke kiran sa da sunan yanka. Mai Kari ake ce masa, domin idan ya kafa wa wando kari, to sai an kai wandon ruwa kafin karin ya kwanta. Mu a gida Kaka muke cewa. Ni kuma ya laƙaba mini Sarkin Tambaya, saboda tun ina ƙarama ba na barin tsoho ya sha iska: wa ya haifi wane, yaushe aka gina ɗakin can, me ya sa wance ta daina zuwa gidanmu. Yawancin abin da zan faɗa a nan a kan idona aka yi shi. Sauran kuwa daga bakinsa na ji, ko daga bakin matarsa, kakata, wadda muke kira Iya.

Kaka bai gaji guga ba. Yana saurayi ya shigo gari ba shi da kowa, ya yi dako, ya yi aikin gini, har wani dattijo mai wanki ya ɗauke shi ya riƙa hura masa gawayi. Ya ce ya daɗe ƙwarai a wurin kafin a bar shi ya taɓa dutsen guga. Aikinsa kawai ya shimfiɗa riga a tebur, ya bi ta da tafin hannu, ya miƙe ɗinki, ya koma gefe ya tsaya.

"Na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi," in ji shi. "Sai ranar da ya miƙo mini dutsen na gane ashe ya riga ya gama koya mini."

Shagonsa ɗaki ne guda a jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi. Akwai tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, aka rufe da farin yadi wanda tsakiyarsa ta koma ruwan ƙasa don shan zafi. Duwatsun gugarsa na gawayi ne, ɗaya yana hannunsa, ɗaya yana bakin ƙofa iska na hura shi kafin layi ya zo kansa. Ga kwanon ruwa da yake tsoma yatsu ya yayyafa, ga igiya daga bango zuwa bango, riguna na rataye a jere kamar masu jiran ganin likita. Har yau idan na ji ƙamshin sitaci ya haɗu da tururi sai na waiwaya.

Yana da tsarin da ba ya canjawa. Sai ya juya riga ciki waje, ya bi ɗinkunanta da cikin aljihu, sannan ya mayar da ita ya kama wuya, ya kama hannuwa, ya yi baya, gaba ce ƙarshe. Na taɓa tambayarsa amfanin goge cikin aljihu tun da ba mai gani. Ya ce, "Mai rigar zai sa hannu." Iyakar amsar ke nan.

Da sana'ar nan ya riƙe gida, ya kai 'ya'yansa makaranta. Babana, wanda shi ne ɗansa na fari, ya samu aikin ofis, tun daga ranar kuwa Kaka bai sake kiran sa da wani suna ba sai Akawu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi aure a unguwar da ke bayanmu. Amma in aka ce in faɗi lokacin da na fi ganin Kaka cikin nishaɗi, to da safe ne, kafin gawayi ya kama. Yakan tsaya a ƙofar shago, ya harɗe hannuwa a baya, yana kallon masu tafiya aiki.

"Ga rigata can za ta banki," sai ya ce mini. "Wancan wandon ma nawa ne, jiya ya zo a dagule kamar an yi dambe da shi. Kin ga wata rigar tawa tana gudu? Ta makara."

Wani lokaci ya tsayar da babban mutum a tsakiyar titi, ya gyara masa wuyan riga, ya sallame shi, shi kuma mutumin ya yi godiya ya wuce.

Shekarar da na gama sakandare abin ya same shi. Da hantsi ne, yana yayyafa ruwa, sai kwanon ya kife. Mai kantin da ke kallon shagon ne ya hango shi ya zame ya jingina da ƙafar tebur, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki. Allah ya taimaka, ƙafar ba ta daɗe ba ta dawo, yana takawa da sanda. Bakin ma ya miƙe, sai ɗan nauyin harshe idan ya gaji. Hannun hagu ne ya ƙi tashi. Yana kwance a cinyarsa, yatsun sun ɗan lanƙwashe, ko an tsunkule shi ba ya ji.

Ranar da za a sallame mu, ma'aikaciyar da ke gasa masa hannun, wadda kowa ke kira Sista, ta tara mu ta yi mana bayani. Ta ce watannin da ke tafe su ne komai. Idan hannun ya riƙa motsi, akwai rabon ya dawo. Idan aka bar shi kwance, yatsun za su dunƙule su sandare, daga nan ba wanda zai iya buɗe su. Ta ba shi wata jar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Muka ce to.

Masu zuwa dubiya kuwa bakinsu ɗaya. Duk wanda ya shigo sai ya dubi hannun ya ce, "An gode Allah ma da hagu ce." Gwaggo ta faɗa, liman ya faɗa, mai kanti ya faɗa. Ai ga dama nan lafiya lau, zai ci abinci, zai gaisa da jama'a, me ya rage? Kaka sai ya ce, "An gode Allah," ya mai da kai gefe.

Baba ya mayar wa kowa kayansa, ya sa wa shagon kwaɗo. Ya sayo wata kujera mai laushi ya ajiye a falo kusa da taga, ya ce, "Ka yi mana a tsaye, yanzu kuma mu za mu yi maka kana zaune." Duk wanda ya ji maganar sai da ya sa masa albarka.

A gidanmu, a ga tsoho ya miƙa hannu ya ɗauki abu da kansa alhali ga yara zaune, babban abin kunya ne. Haka aka rene mu, Kaka da kansa ya rene mu a kan haka. To da ciwo ya zo sai abin ya zama kamar gasa. Ya dubi kofi, mutane sun miƙe. Ya sunkuya zai jawo takalmi, Iya ta riga shi. Gwaggo takan zo da sassafe musamman don ta ɓalla masa maɓallan riga. Ranar da aka iske ya ɗauko buta da kansa, faɗan da Baba ya yi sai da maƙwabta suka ji. Ko ƙuda ya sauka masa a hannun, akwai mai korewa.

Ƙwallon kuwa ƙarƙashin kujera ta koma. In aka ciro aka sa masa a tafi, sai ya karkata hannun ta gangara.

"Kaka, Sista fa ta ce ka riƙa matsawa," na ce masa.

"Idan na matse ta, wa zai sa?"

Na mayar da ita ƙarƙashin kujerar.

A hankali ya fara janyewa. Ya bar fita ƙofar gida da safe, ya ce rana na damun idonsa. Ya sa aka juya masa kujera ta bai wa taga baya. Abinci sai ya taɓa ya ture. Ya daina tsokanata, ya daina tsokanar Iya, wadda a da kullum sai ya ce ta rage masa sukari a shayi don ta gaje shi da wuri. Ba ya ƙorafi, ba ya faɗa. In an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Yatsun kuma suna ta shigewa ciki, har farata suka fara nutsewa a tafinsa. Iya ta riƙa naɗe ɗan tsumma tana cusa masa don kada su ji masa ciwo.

Da muka koma asibiti, Sista ta kama hannun ta gwada buɗe shi, ta ɗago kai ta dube mu.

"Me kuke yi masa a gida?"

"Ba ma barin sa ya ɗaga ko tsinke," in ji Baba, har da gyara tsayuwa.

"To ai shi ne," ta ce. "Lokaci yana ƙure muku. In kuka dawo mini da shi haka, ni ba abin da zan iya."

A hanya Baba ya yi ta juya maganar, ya yanke cewa ƙwallon ce ba a matsawa yadda ya kamata. Ya ɗora wa Gwaggo tsaron matsa ƙwallo. Gwaggo kuwa ba ta iya ganin ubanta yana wahala ba, sai ta ɗora hannunta a kan nasa ta riƙa matsa masa. Kaka yana kallon bango.

Wata safiya aka tashi da ruwan sama. Tun da aka rufe shago ni ke goge kayan Baba da dutsen lantarki a baranda, ranar kuwa feshi ya koro ni falo. Na jawo ƙaramin tebur, na shimfiɗa farar rigarsa, na fara daga gaba don can ido ke fara sauka. Ina ta kai da kawowa, in goge nan can ya tattare. Can sai na ji murya a bayana.

"Sarkin Tambaya, rigar nan me ta yi miki?"

Rabon da ya kira ni da sunan nan tun kafin asibiti.

"Gogewa nake, Kaka."

"A'a, rama wani abu dai kike. Juya ta."

Na juya. Ya ce in bi ɗinki. Na bi, ya ce ba haka ba. Ya ce in ja, na ja, ya ce ai ba akuya ba ce. Daga nan na ji ƙarar sanda. Ya taso ya tsaya a gefena, ya karɓi dutsen ya jinjina shi, ya taɓe baki.

"Wannan ai na goge hankici ne."

Ya ajiye shi. Ya sa hannun dama ya ɗago na hagu kamar mai ɗauko kayan wani, ya ɗora shi a kan rigar. Hannun ya zauna nan a dunƙule. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kowa ya zo sai ya ce mini an gode Allah hagu ce," ya ce a hankali. "Hannun dama me yake yi? Turawa kawai. Ko ke kin iya turawa. Hagun nan ce ke tafiya gaba. Ita ke gano inda yadi ya tattare, ita ke kwantar da ɗinki, ita ke kama kari ta tsayar da shi kafin dutse ya iso. Wannan ce mai gugar."

Ya tura dunƙulallen hannun da kafaɗarsa, ya ja shi a kan ɗinkin. Bai yi kyau ba. Ya sake. Ya bi shi da dutse. Kafin mu gama rigar nan ruwa ya ɗauke, gumi ya jiƙa masa wuya. Iya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Da rana ya cinye abincinsa, ya ce gishiri bai ji ba.

Daga ranar, da Baba ya fita aiki sai Iya ta tattaro duk abin da aka wanke ta zube a falo. Ba wanda ya ce a ɓoye wa Baba, ba kuma wanda ya gaya masa. Kaka ya sa aka juya kujerarsa ta koma kallon taga. Wata rana na ga babban yatsansa ya ɗan ɗaga ya danne bakin aljihu. Ya gani, na gani, ba wanda ya yi magana, kamar in an ambata zai koma.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, hannun ya fara motsi amma bai fara ji ba. A da ba ya kallon hagunsa idan yana aiki, ita ke jin hucin dutse ta kauce da kanta. Wata rana ina ninke zanin gado, sai na ji wani ƙauri. Na juya na ga gefen dutsen a manne da babban yatsansa, shi kuwa idonsa na kan wuyan rigar, yana ta aikinsa. Na fizge dutsen. Fatar ta yi fari, kafin a kawo ruwa ta tashi.

Da yamma Baba ya dawo ya ga bandeji. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗan muni. Ya naɗe wayar dutsen, ya kai ɗakinsa ya kulle, ya dawo ya durƙusa gaban kujerar.

"Baba, me ka rasa a gidan nan?"

"Ban rasa komai ba, Akawu."

"To me ya kawo wannan? Yau yatsa ne. Gobe in hannun riga ya kama da wuta fa? Kuma me za a ce? A ce mutum ya tsufa, ya yi ciwo, 'ya'yansa na raye, an sa shi guga?"

"Wa zai ce?"

"Mutane."

"Mutanen nan ni na san su, na san har cikin aljihunsu. Ba su da lokacina." Kaka ya gyara hannun a cinyarsa. "Ka san kayan da nake ajiyewa a saman kanta, waɗanda masu su ba su dawo sun karɓa ba? An wanke, an goge, an ninke, an rufe da leda. Ba abin da ya same su. Haka ka yi da ni."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To ga shawara. In motsin ake so, a ba ka dutsen ba wuta. Ka yi ta gogawa yadda kake so."

"Ƙwallon ce ka sake wa kama."

Gwaggo tana gefe tana sharar hawaye, tana cewa a bar maganar haka. Sai Iya ta yi gyaran murya. Iya mace ce da ba ta sa baki idan uba da ɗa suna magana, ban taɓa gani ba sai ranar.

"Ni dai abin da na gani," ta ce, "ido ɗaya ba zai tsare dutse ya tsare hannu ba. Shi ya ji da hannunsa, wani ya riƙe dutsen."

"Ni zan riƙe," na ce.

"Kina wurin ya ƙone," in ji Baba, ko kallona bai yi ba.

"To ni," in ji Iya.

"Idonki ba ya gani sosai, Iya."

"To ke nan ba kowa," Kaka ya ce. "A juya mini kujerata."

Baba ya daɗe a durƙushe. Ni na san ba wai ya yarda da maganar ba ne. Mutum ne da in yana tsoron abu, ba ya iya damƙa shi a hannun kowa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa.

"In dai sai an yi, ni zan riƙe."

"A shago," in ji Kaka. "Da dutsen gaske."

Sai da ƙunar ta warke aka buɗe kwaɗon. Na share ƙura, Iya ta wanke farin yadin tebur. Baba ya riƙa tashi da wuri su yi abin da ya samu kafin ya tafi ofis, ranar hutu kuwa su kai hantsi. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, Kaka a hagu, Baba a dama. Kaka ya shimfiɗa, ya bi da hannu, ya ce, "Zo." Baba ya kawo dutse. Ya ce, "Tsaya." Baba ya tsaya.

Baba bai iya guga ba ko kaɗan. Yana yaro ya guje wa shagon nan, don a makaranta ɗan mai wanki ake kiran sa, har ya riƙa zagayawa ta bayan layi kada abokansa su ga inda yake shiga. Yanzu ga shi da furfura a gemu yana fifita gawayi a bakin titi, toka na sauka masa a kai.

"Akawu, ba hatimi kake bugawa ba. Ja shi."

"Ina ja."

"Kana dannawa. Nauyinsa ya ishe shi, kai dai raka shi."

"Baba, matsar da hannunka tukuna."

"Hannuna ya san aikinsa tun ba a haife ka ba."

"Shi ya sa ya sha bandeji."

Iya ta ji wannan daga tsakar gida ta yi dariya har da tari.

Mutane kuwa sun yi kallo, ba a rasa ba. Wani abokin aikin Baba ya tsaya da babur ya ce, "Ranka ya daɗe, an samu ƙarin girma ke nan?" Baba bai ɗaga ido daga kan tebur ba, domin hannun Kaka yana gaban dutsen. Ya ce, "Sai mun haɗu a ofis," ya ci gaba. Mai kanti ne ya fara tsallako titi da wandunansa, ya ce tun da aka rufe shagon nan bai sake jin kansa mutum ba. Wasu suka biyo baya. Kaka ba ya karɓar da yawa, sai abin da za su iya gamawa.

Hannun bai dawo gaba ɗaya ba, kada in yi ƙari. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun riga sun sandare, a lanƙwashe suka zauna har ƙarshen ransa. Amma sauran sun buɗe a hankali. Da fari yana tura yadi da bayan hannu, sai ya koma dannewa da tafi, sai wata rana ya tsinci bakin ɗinki da yatsu biyu ya ɗaga. Ya hana Gwaggo ɓalla masa maɓalli. Yakan ɓata lokaci mai tsawo a kan guda ɗaya, mu kuwa muna zaune muna kallo, hannuwanmu na ƙaiƙayi. Wannan zaman ya fi mana komai wuya. Iya takan tashi ta bar ɗakin don kada ta kai hannu.

Ji ne dai shiru. Sista ta ce wani yakan dawo, wani ba ya dawowa, kada mu sa rai da yawa. Saboda haka Baba bai taɓa sakin dutsen ba, bai kuma taɓa ɗauke ido daga kan hannun ba. Yakan dawo daga shago idonsa ja, kafaɗarsa a sage, ya yi wanka ya tafi ofis.

Wata safiyar hutu ina bakin ƙofar shago ina fifita dutse na biyu. Wandon mai kanti ne a tebur, an zo wajen kari. Kaka ya haɗa ɗinki da ɗinki, ya kama bakin karin da yatsunsa, ya ce, "Zo." Baba ya kawo dutsen. Daidai lokacin wata mota ta taka birki da ƙarfi a titi, Baba ya ɗaga kai. Dutsen ya ci gaba da tafiya.

Kaka ya fizge hannunsa.

"Ƙona ni za ka yi, Akawu?"

"Yi haƙuri, Baba, ban taɓa ka ba ai, saura..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi dutsen, ya dubi inda hannun yake a da. Akwai tazara tsakaninsu. Ni ma na bar fifita.

"Gani ka yi?" Baba ya tambaya.

"Motar nake kallo, kamar kai."

Kaka ya ɗago hannun ya juya shi gaba da baya. Sannan ya miƙa shi a hankali wajen dutsen, ya tsayar da shi kusa da ƙarfen, ya janye.

"Da zafi," ya ce.

Baba ya ɗora dutsen a mazauninsa. Ya ratsa ta gefena ya fita, ya tsaya a bakin titi ya ba mu baya. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Masu wucewa suna gaishe shi, yana ɗaga musu hannu bai juyo ba.

Kaka ya bar shi ya ɗan jima. Ya sake haɗa ɗinkin wandon, ya kwantar da shi da tafin hagu, ya kama karin ya riƙe.

"Akawu," ya ce, "gawayi na cinyewa."